Antoni Lewenhuk, Mai Kantin Yadi na Birnin Delft

Duk wanda ya yi makarantar sakandare ya san ranar da malamin kimiyya yakan fito da madubin likita daga kabad. Za a yanka albasa, a ɓare 'yar siririyar fatar nan ta ciki, a shimfiɗa ta a kan fallen gilashi, a ɗiga ruwa ko aidin, sa'an nan a rufe da wani ɗan gilashi da bai kai kaurin farce ba. Yara su yi layi, kowa ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Mai gaggawa ba abin da zai gani sai kumfar iska da gashin idonsa. Wanda ya iya murza ƙusar nan a hankali kuwa, sai ga ɗakuna jere kamar tubalin gini. Mutumin da muka kawo tarihinsa a wannan mako bai taɓa zama a irin wannan aji ba, bai kuma shiga jami'a ba. Ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi da maɓalli. Amma shi ne ɗan adam na farko da ya ga ƙwayoyin da yanzu ake kira bakteriya.

Sunansa Antoni fan Lewenhuk, mutanen ƙasarsa suna rubutawa Leeuwenhoek, ma'anar sunan kuwa kusurwar zaki. An haife shi ran 24 ga Oktoba 1632 a birnin Delft na ƙasar Holan, aka yi masa baftisma ran 4 ga Nuwamba a majami'ar da ake kira Sabuwar Majami'a. Kwana huɗu kafin nan, a wannan majami'a ɗin, an yi wa wani jariri baftisma wanda daga baya ya zama shahararren mai zane, wato Yohannes Vermeer. Mahaifin Antoni, Filibus, saƙar kwanduna ce sana'arsa. Mahaifiyarsa Margareta ta fito daga gidan masu dafa giya, waɗanda suke da ɗan hali a garin. Yana da shekara biyar mahaifin ya rasu. Uwar ta sake aure, aka tura yaron makaranta a ƙauyen Warmond kusa da Leiden, daga nan ya koma hannun wani ɗan'uwansu lauya a Benthuizen. Karatunsa ke nan: rubutu, lissafi, da harshen gida. Bai koyi Latin ba, wanda a zamanin nan shi ne harshen masana, kuma wanda bai iya shi ba ba a lissafa shi cikin masu ilimi.

A 1648, yana da shekara 16, aka kai shi Amsterdam koyon ciniki a kantin wani mutumin Sikotilan mai suna William Davidson. Shekara shida ya yi can yana riƙe da littafin kuɗi. 'Yan kasuwar yadi na lokacin suna da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, da shi suke ƙirga zaren yadi, su gane mai kyau da na algus. A 1654 ya komo Delft, ya auri Barbara de Mey, ya sayi gida ya buɗe kantinsa. A watan Oktoba na shekarar ma'ajiyar albarushin gwamnati ta fashe a cikin birnin, ta rushe unguwa guda. Wannan ita ce shekarar da ya fara zaman kansa.

Gidansa bai rasa makoki ba. 'Ya'ya biyar Barbara ta haifa masa, huɗu suka mutu tun suna ƙanana, Mariya kaɗai ta rayu. Barbara kanta ta rasu a 1666. Ya sake aure a 1671, ya auri Korneliya Swalmius, 'yar wani mai hidimar ikkilisiya, ita ma ta riga shi a 1694. Mariya ce ta zauna da shi har ƙarshe, ba ta yi aure ba.

A 1660 hukumar gari ta ba shi aikin kula da zauren da alƙalai suke zama: ya buɗe, ya rufe, ya hura wuta, ya tsabtace, ya kuma kame bakinsa a kan abin da ya ji a ciki. Aikin ba shi da nauyi, albashi kuwa yana zuwa, ya riƙe shi kusan shekara 40. A 1669 ya ci jarrabawar zama safiyo, wato mai awon ƙasa, a 1679 kuma aka ɗora masa awon gangunan ruwan inabi da ke shigowa birnin. Da Vermeer ya mutu a 1675 ya bar mace da 'ya'ya da tulin bashi, Lewenhuk hukuma ta naɗa ya lura da rabon abin da ya bari. Mai karatu ya lura da irin mutumin: mai awo ne, mai ƙirga, wanda aka amince da shi a kan kuɗi da sirri. Wannan hali shi ya shigo da shi cikin binciken da ya yi daga baya.

Ba shi ya ƙago madubin likita ba. Tun farkon ƙarni na 17 ana yin irin mai gilashi biyu a cikin bututu. A 1665 wani Bature a Landan, Robert Hooke, ya buga littafi mai suna Micrographia, da zanen ƙuma da ƙwarƙwata da idon ƙuda, manya-manya har suna cika shafi. Hooke ne ya yanka ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya ga ramuka jere, ya kira su ƙananan ɗakuna, sunan da har yau ake koya wa yara a aji. Amma madubin mai gilashi biyu na wancan zamani yana da aibi. In aka nemi ya ƙara girman abu ya wuce sau 30 ko 50, sai hoton ya dushe, launuka su kewaye shi kamar bakan gizo.

Lewenhuk ya bi wata hanya. Gilashi ɗaya tak ya yi amfani da shi, ƙarami ƙwarai, wani bai wuce kan allura ba. Yakan samo fallen tagulla biyu, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, ya huda kowanne, ya danne ƙwayar gilashin a tsakaninsu ya ɗaure da ƙusa. A bayan gilashin akwai tsinke, can ake manna abin da za a duba. Akwai kuma ƙusoshi masu murɗawa da ke ɗaga tsinken ko sauke shi, su kawo shi kusa ko su janye shi. Mai dubawa sai ya kai abin dab da ƙwayar idonsa, ya fuskanci taga ko kyandir, ya daure har ido ya yi ruwa. Wanda ya ga na'urar a kan tebur zai ɗauka wani ƙarfen ƙofa ne ya ɓalle. Amma mafi ƙarfi cikin waɗanda suka rage har yau, wanda ke ajiye a jami'ar Utrecht, yana ƙara girman abu fiye da sau 260.

Gilashin rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne shirya abin da za a duba, kuma a nan ne ya fi kowa a zamaninsa. Babu fallen gilashi da murfinsa irin na makarantun yanzu. In abu mai tauri ne, yakan ɗauki askarsa ya yanka shi siriri har haske ya ratsa. In ruwa ne ko jini, yakan narka gilashi a wuta ya ja shi ya zama bututu siriri kamar gashi, ya zuƙo ruwan a ciki, ya manna a kan tsinke. In abu ya zauna daidai yadda yake so, ba ya cire shi. Sai ya bar shi nan, ya ƙera wani madubin domin abu na gaba. Shi ya sa kafin ya mutu ya yi gilasai sama da 500. Da yake hannunsa bai iya zane ba, yakan ɗauki mai zane ya biya shi, ya sa shi ya leƙa ya zana abin da ya gani.

Da ba domin wani likita na Delft ba, Reinier de Graaf, da watakila duk wannan ya ƙare a ɗakin bayan kanti. A watan Afrilu 1673 de Graaf ya rubuta wa Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society, ya gaya masa akwai wani ɗan gari da madubansa suka fi duk waɗanda aka sani. Ya haɗa da bayanin da Lewenhuk ya rubuta a kan funfuna, da ƙarin kudan zuma, da ƙwarƙwata. Abin mamaki, a lokacin Ingila da Holan suna cikin yaƙi da juna, amma wasiƙa ta ƙetare teku, aka buga ta a mujallar ƙungiyar. De Graaf ya mutu bayan wata huɗu, yana da shekara 32. Lewenhuk kuwa a lokacin ya riga ya cika 40, kuma daga nan ya yi shekara 50 cur yana aika wasiƙu, kusan 200 zuwa wannan ƙungiya kaɗai. Bai taɓa rubuta littafin kimiyya irin na masana ba. Wasiƙu ne da harshen Holanci na kasuwa, yana cikin zancen jini sai ya koma kan ciwon cikinsa ko abin da ya sha jiya da dare, a Landan a fassara a tace.

A ƙarshen damina ta 1674 ya bi ta wani tafki da ake kira Berkelse Mere, tafiyar kamar sa'a biyu daga Delft. Ruwan yakan yi garau da hunturu, da zafi kuwa ya yi fari-fari da wasu koren gizagizai a ciki. Mutanen wurin suna cewa raɓa ce ke kawo haka. Ya ɗebo kaɗan a kwalba, washegari ya duba. Sai ga wasu koren zaruruwa naɗe kamar maciji, a tsakaninsu kuma ga wasu ƙananan halittu, wasu kewayayyu, wasu dogaye, suna iyo sama da ƙasa. Ya kira su 'yan dabbobi. A shekarar nan kuma ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini, ya auna girmansu, awon da bai yi nisa da wanda aka sani yanzu ba.

Babban abin ya zo a 1676, kuma ta hanyar da ba wanda zai zata. Yana so ne ya san dalilin da ya sa masoro yake yaji a harshe. A tunaninsa watakila akwai wasu ƙananan ƙayoyi a jikinsa da suke sukar baki. Ya jiƙa masoro a ruwa domin ya yi laushi, ya bar shi wajen mako uku. Ran 24 ga Afrilu ya duba ruwan. Ƙayoyi dai bai gani ba, amma ruwan ya cika maƙil da masu rai iri-iri, a cikinsu har da waɗansu da suka fi duk abin da ya taɓa gani ƙanƙanta. Ya ƙiyasta cewa ko an jera ɗari daga cikinsu ba za su kai tsawon ƙwayar yashi ɗaya ba. Waɗannan su ne bakteriya. Ya rubuta duk abin da ya gani rana bi rana, a ruwan sama, da ruwan rijiya, da ruwan teku, da ruwan masoro, ya aika Landan cikin doguwar wasiƙa mai kwanan wata 9 ga Oktoba 1676.

Masana ba su gaskata ba, kuma ba za mu ga laifinsu ba. Mai kantin yadi, wanda bai san Latin ba, ya ce akwai dubban dabbobi a ɗigon ruwa, ya kuma ƙi faɗin yadda ya yi ya gan su. Waɗanda suka gwada a Landan da nasu maduban ba su ga kome ba. Sunansa na mai gaskiya, wanda a kansa cinikinsa da aikinsa na hukuma suka dogara, ya shiga haɗari. To, sai ya yi abin da ɗan kasuwa yakan yi in an musa masa magana: ya nemo shaidu. Mutum takwas suka zo gidansa suka leƙa, suka rubuta takardar shaida suka sa hannu. A cikinsu akwai Alexander Petrie, mai hidimar ikkilisiyar Turawan Ingila a Delft, da fastocin Lutheran biyu, Benedict Haan da Henrik Cordes, sauran kuwa likitoci ne da masana shari'a da makamantansu. A ruwan da bai wuce ƙwayar gero ɗaya ba, wani ya ce ya ga 10,000, wani 30,000, wani 45,000. Ba domin fastocin sun san kimiyya aka kira su ba. An kira su ne domin a garin an san ba za su sa hannu a kan ƙarya ba.

Duk da haka takardar shaida ba ita ta kashe gardamar ba, kuma daidai ne da ba ita ba ce. Robert Hooke ne ya jiƙa nasa masoron, ya gwada ya kasa, ya sake gyara madubinsa da bututunsa, har a watan Nuwamba 1677 ya nuna wa 'yan ƙungiyar halittun da idonsu. A 1680 aka zaɓi Lewenhuk ya zama ɗan ƙungiyar. Bai taɓa zuwa taronsu ko sau ɗaya ba, amma takardar shaidar zaɓen ta yi masa daɗi har ya sa aka zana ta a kan tebur cikin hoton da aka yi masa.

Daga nan babu abin da ya tsira daga tsinkensa. A 1677 wani ɗalibin likitanci na Leiden, Johan Ham, ya kawo masa labarin wasu masu rai da ya gani a cikin maniyyi. Lewenhuk ya bincika ya tabbatar, amma ya aika da bayanin cikin kunya, yana roƙon ƙungiyar ta ɓoye shi in ta ga zai zama abin tuntuɓe ga masu karatu. A 1681, da zawo ya kama shi, ya duba bayan gidansa ya ga wata halitta tana motsi da 'yan ƙafafu, wadda likitoci yanzu suke kira jiyadiya, sananniyar mai kawo gudawa. A 1688 ya sa wutsiyar talibamban a gaban gilashi ya ga jini yana fita daga jijiya, ya bi ta wasu hanyoyi sirara, ya juyo zuwa zuciya. Marcello Malpighi na Italiya ya riga shi ganin waɗannan hanyoyi a huhun kwaɗo a 1661, amma Lewenhuk ya mai da abin ya zama wanda kowane baƙo zai iya gani, musamman a wutsiyar wani kifi mai kama da maciji da yakan ajiye domin haka.

Wasiƙarsa ta 17 ga Satumba 1683 ita aka fi tunawa. Mutum ne mai alfahari da haƙoransa, kowace safiya yana goge su da gishiri da tsumma. Duk da haka ya kankaro farin abin nan da ke maƙalewa tsakanin haƙora, ya dama da ruwan sama mai tsabta, ya duba. Ya ga masu kama da sanda, da masu kama da ƙwallo, da masu murɗewa, wani yana tsalle cikin ruwa kamar kifi. Ya nemo wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba tun da aka haife shi, nasa ya fi yawa nesa. Ya ƙiyasta cewa masu rai da ke bakinsa shi kaɗai sun fi mutanen ƙasar Holan yawa. Ya kuskure baki da ruwan tsami mai ƙarfi, ya tarar na sama-sama ne kawai suka mutu, na cikin dattin suna nan lafiya. Bayan wasu shekaru ya lura cewa kofi mai zafi da yake sha ya kashe na haƙoran gaba, na turame kuwa bai taɓa su ba. Zanen da ya haɗa da wasiƙar 1683, duk ɗalibin likita na yau zai gane abin da ke ciki.

A zamaninsa har masana suna ɗauka cewa ƙananan halittu daga ruɓa suke fitowa haka kawai: tsutsa daga nama, ƙuma daga ƙura, ƙwaron hatsi daga hatsin kansa. Manomin da ya buɗe rumbun da ya liƙe da kyau ya tarar da ƙwari a ciki zai gane dalilin da ya sa aka yi wannan zato. Lewenhuk ya ƙi yarda. Ya zuba alkama da ƙwari a bututun gilashi, ya yi ta yawo da su a aljihu domin su ji ɗumi, har ya ga macen tana huda ƙwayar hatsi ta saka ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye cikin, ta fito ƙwaro. Ashe tun kafin a kai hatsi ma'aji ɓarawon yana ciki. Ya bi ƙuma haka daga ƙwai har girma. Ƙwarƙwata kuwa, mata biyu ya saka a cikin baƙar safa ya sa a ƙafarsa ya ɗaure. Bayan kwana shida ya ƙirga ƙwai wajen 90. Da suka fara ƙyanƙyashewa abin ya ishe shi, ya tuɓe safar ya jefar a titi.

A nan bangaskiyarsa ta shiga aikinsa. Ɗan ikkilisiyar Reformed ta Holan ne, kuma cikin wasiƙunsa sau da yawa yakan tsaya ya yaba hikimar Mahalicci da ya ga an yi wa ƙaramin ƙwaro gaɓoɓi cikakku kamar na babbar dabba. A ganinsa abin da aka tsara haka ba zai fito daga juji da kansa ba, dole yana da iyaye irinsa. Amma bai tsaya ga faɗin haka ba, sai da ya nemo ƙwan ya nuna.

Ya yi kuskure ma, ba kaɗan ba. Ya ɗauka cewa ɗa dukansa yana cikin irin namiji, mace gona ce kawai da ake shuka a ciki, ya kuma kafe a kan haka har ya mutu. Ya ɗauka kowace jar ƙwayar jini haɗin wasu ƙanana shida ce. Abin da ya fi kome nauyi kuwa, bai taɓa haɗa 'yan dabbobinsa da cuta ba. Mutumin da ya binne 'ya'ya huɗu, wanda ya ga halitta tana motsi cikin zawonsa, sha'awa kawai suka ba shi. Ba za a ɗora masa wannan shi kaɗai ba, gama likitocin da suka karanta wasiƙunsa ma ba su yi wannan tunani ba. Sai bayan shekara kusan 200 Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus suka tabbatar da shi. Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a 1882. A 1880 wani likitan soja, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar zazzabin cizon sauro cikin jinin majiyyaci a Kustantin ta ƙasar Aljeriya. Gwajin nan da ake soka wa mutum allura a yatsa, a shafa jini a fallen gilashi a rina a duba, daga can ya samo asali.

Akwai laifi guda da ya kamata a faɗa, wato rowar sani. Sunansa ya kai ko'ina, manya suna zuwa gidansa. Sarauniya Maryamu ta Ingila ta ga madubansa. A 1698 Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya tsai da jirginsa na ruwa kusa da Delft ya aika a kira shi, suka yi sa'a biyu yana kallon jini a wutsiyar kifi. Amma baƙi maduban tsaka-tsaki yake nuna musu. Wani likita, Thomas Molyneux, da ya ziyarce shi a 1685 a madadin ƙungiyar Landan, ya ba da labari cewa mafi kyawun ya ɓoye su, ba ya bari kowa ya gani. Masanin nan na Jamus, Leibniz, ya roƙe shi ya tara samari ya koya musu gyaran gilashi domin kada sanin ya mutu tare da shi. Ya ƙi. Dalilinsa shi ne yawancin ɗalibai kuɗi ko suna suke nema, kuma cikin dubu da wuya a sami ɗaya da zai jure irin wannan zama. Watakila da gaskiyarsa a kan ɗaliban. Amma sakamakon shi ne bai bar almajiri ko ɗaya ba, kuma bayansa an yi shekaru masu yawa ba wanda ya iya ganin bakteriya sarai kamar yadda ya gani, sai da aka gyara madubi mai gilashi da yawa wajen 1830.

Sirrin ma da ya ɓoye, ashe ba wani sirri ba ne can. A 2021 masana a jami'ar fasaha ta Delft suka haska madubansa biyu da wata na'ura da ke ganin cikin ƙarfe ba tare da an buɗe shi ba. Suka tarar gilashin mafi ƙarfin ɗan dunƙule ne mai 'yar wutsiya, irin wanda ake samu in an narka bakin zaren gilashi a wuta. Wannan dabara Hooke ya riga ya buga ta a fili tun 1678. Abin da Lewenhuk ya fi saura da shi hannu ne, da ido, da zama.

Ya yi tsawon rai, yana aiki har ƙarshe. A shekarunsa na baya wani ciwo ya kama shi, tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki yana karkarwa da kansa. Likitansa ya ce bugun zuciya ne. Tsohon ya sa yatsa a jijiyar hannunsa lokacin da abin ya tashi, ya ji zuciya tana tafiya daidai, ya rubuta wa Landan cewa likita ya yi kuskure. Shi ne da gaskiya, kuma har yau ana kiran wannan ciwo da sunansa. Yana kan gadon mutuwa ya roƙi abokinsa Jan Hoogvliet ya juya wasiƙu biyu na ƙarshe zuwa Latin ya aika. Ya rasu ran 26 ga Agusta 1723, saura wata biyu ya cika 91. Fasto Petrus Gribius na Sabuwar Majami'a ne ya rubuta ya sanar da ƙungiyar. Aka binne shi a Tsohuwar Majami'a ta Delft, inda Mariya ta kafa masa dutsen tunawa a 1739.

Ya bar wasiyya a kai wa ƙungiyar Landan wani ɗan akwati mai maduban azurfa 26, kowanne da abin dubawa manne a tsinkensa. Mariya ta aika. A ƙarni na 19 akwatin ya ɓace daga hannun ƙungiyar, ba a sake ganinsa ba. Sauran maduban an yi gwanjonsu a 1747 bayan mutuwar Mariya, suka watse. Waɗanda aka sani a yau ba su fi goma da 'yan kai ba, ɗaya ma daga cikin laka aka tsamo shi, wadda aka yashe daga magudanar ruwan Delft, aka sa shi kasuwa a intanet a 2014.

A 1981 wani masani ɗan Ingila, Brian Ford, yana bin wasiƙun Lewenhuk na asali ɗaya bayan ɗaya a ma'ajiyar ƙungiyar, sai ya tarar da wasu 'yan ƙunshin takarda manne a jikinsu, tara duka. Da ya buɗe, ga yankan ɓawon toshiyar kwalba, da totuwar wani itace, da jijiyar idon saniya, da 'ya'yan auduga, waɗansu tun na 1674. Shekara 300 suna nan a naɗe. Aka sa su a madubin lantarki na zamani, aka ga yankan askar mai kantin yadi ya yi sirantakar da za a karɓa a ɗakin gwaji na yau.